INA RUWAN MOTA KE TAFIYA?



Yau ƙauyuka da yawa suna da mota. Wata ta ɗan kasuwa ce. Wata ta ƙungiyar manoma ce. Wata kuma ƴan gari ne da ke ci-rani suka haɗa kuɗi suka sayo. Motar nan ita ke kai hatsi da albasa kasuwa. Ita ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare zuwa gidan likita. In ta lalace, ba mai ita kaɗai ke shan wahala ba, gari duka ne.

Akwai wata cuta da ke kashe mota sannu a hankali. Kowace safiya direba ya duba, ya iske ruwa ya ragu. Ya leƙa ƙarƙashin mota, bai ga ɗigo ba. Sai ya ƙara ruwa, ya ce: "Motar nan tawa akwai ta da shan ruwa." Haka yau, haka gobe, har ran da za ta tsaya da shi tsakiyar daji, inji ya ƙone.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe: mota ba ta shan ruwa. Mai take sha. In ruwa ya ragu, to akwai inda ya bi ya fita. Hanyoyin fitarsa uku ne kawai: ko ya bi murfi, ko ya yi yoyo waje, ko ya faɗa cikin inji. Aikin direba shi ne ya gano wacce ce tun da wuri.

AIKIN RUWA CIKIN INJI

Inji wuta ke ci cikinsa. In ba a sanyaya shi ba, ƙarfensa zai lanƙwashe ko ya tsage. Don haka aka yi hanyoyin ruwa cikin jikinsa. Ruwan ya ɗauki zafi, ya bi ta tiyon sama, ya shiga radiyater, wanda wasu ke ce ma lagireto. Nan iska da fanka ke huce shi. Sai ya bi ta tiyon ƙasa, famfon ruwa ya mayar da shi cikin inji. Haka yake ta kewayawa muddin inji na aiki. Ƙaramar mota tana ɗaukar ruwa kamar lita 5 zuwa 8. Babbar motar kaya tana ɗaukar fiye da lita 20.

Wani zai ce: "Ai injin niƙa na garinmu kullum sai an ƙara masa ruwa." Gaskiya ne. Injin niƙa mai buɗaɗɗen tanki kamar tukunya ce ba marufi, ruwansa na tashi tururi. Amma na mota a rufe yake ruf. Ruwan da aka zuba shi ne ke ta kewayawa. Mota mai lafiya tana yin watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba.

A FARA DA AWO

Kafin a ce ruwa na ɓacewa, sai an tabbata. Ruwa in ya yi zafi yana kumbura, in ya huce ya koma. Wanda ya duba da rana, ya sake dubawa da safe, zai ga bambanci ko da ba abin da ya lalace. Don haka lokacin dubawa ɗaya ne: da safe, kafin a tada inji, mota na tsaye wuri mai daidai.

Yawancin motocin yanzu suna da gorar roba kusa da radiyater. A jikinta akwai zane biyu. Na ƙasa an rubuta MIN, na sama an rubuta MAX. Ruwa ya tsaya tsakaninsu. In an cika gorar har baki, inji na yin zafi zai amayar da rarar. Wannan ba yoyo ba ne. Tsohuwar mota marar gora ita ma haka ne: a bar fili kamar faɗin yatsa biyu ƙasa da wuyan radiyater.

Haka kuma in an juye ruwa duka aka zuba sabo, iska kan maƙale ciki. Bayan tafiya ɗaya ko biyu iskar ta fita, ruwa ya ɗan sauka. A ƙara. In bai sake sauka ba, ba damuwa.

Sai a samu ɗan littafi a ajiye cikin mota. Duk ran da aka ƙara ruwa a rubuta abu uku: kwanan wata, lambar kilomita da agogon mota ya nuna, da yawan ruwan da aka zuba. A auna da kwalba mai lita ɗaya. Bayan mako biyu littafin zai faɗi gaskiya. Zai nuna ko ruwan na raguwa kullum, ko sai ran doguwar tafiya, ko sai ran da aka yi lodi mai nauyi. Makaniki yana jin daɗin direban da ya zo masa da irin wannan rubutu.

HANYA TA ƊAYA: MURFI

A fara da murfin radiyater, don shi ya fi araha, kuma shi aka fi mantawa.

Murfin nan ba marufin tulu ba ne. In ka juya shi za ka ga roba da wani ƙarfe mai tsalle. Aikinsu su danne ruwa. Ga dalili: ruwa cikin buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. In an danne shi da murfi mai kyau, ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Inji kuwa yana aiki ne wajen digiri 85 zuwa 95, wani lokaci ya ɗara. Kun ga in murfi ya mutu, tazarar da ta rage kaɗan ce. Ga lodi, ga rairayi, ga zafin bazara na watan huɗu da na biyar da ke wuce digiri 40. Sai ruwa ya tafasa, ya bi ɗan siririn tiyon da ke wuyan radiyater, ya zube bisa hanya mota na gudu. In an tsaya ba a ganin kome.

Ga alamun mataccen murfi: robarsa ta tsage ko ta bushe, ƙarfen ba ya tsalle in an danna, akwai farin busasshen tabo kewaye da wuyan radiyater. Maganinsa sabon murfi. A bisa kowane murfi akwai lamba, kamar 0.9 ko 1.1. A sayi mai lamba irin wadda aka ƙayyade ma motar. Kada a toshe bakin radiyater da tsumma, ko leda, ko ice.

Wani lokaci murfi na da kyau, amma ruwa na tafasa don inji na zafi fiye da kima. A duba abu uku. Na ɗaya, gaban radiyater: ƙura, ƙaiƙayi, ciyawa da fara suna toshe shi, iska ta kasa wucewa. A wanke da ruwa daga baya zuwa gaba. Na biyu, igiyar fanka, wadda ake kira kuruwa: kada ta yi sako-sako, kada ta tsattsage. Na uku, in fankar ta lantarki ce, a tabbata tana tashi in inji ya yi zafi.

HANYA TA BIYU: YOYO WAJE

Rashin ganin ɗigo ƙasa ba ya nufin babu yoyo. Ƙaramin rami ba ya zubar da ruwa sai inji ya yi zafi, ruwa ya matsu. Ɗigon ya faɗa bisa ƙarfe mai zafi ya bushe nan take. Wanda ya kai ƙasa kuma rairayi ya shanye. Amma ruwa yana barin sawu. Inda ya bushe za a ga tabo fari, ko kore, ko ja, ko na tsatsa. Sawun nan za a bi, kamar yadda makiyayi ke bin sawun akuyar da ta ɓace.

Da dare, bayan an dawo daga tafiya, a shimfiɗa busasshen kwali ƙarƙashin inji. Da safe a duba. Inda ɗigo ya faɗa, sai a ɗaga kai a nemi sama da wurin. A lura: mota mai na'urar sanyi tana ɗigar da ruwa garai, marar launi, marar wari, ta wajen kujerar gaba. Wannan ba ruwan inji ba ne.

Sa'an nan a ɗauki tocila, inji na sanye, a bi wurare shida ɗaya bayan ɗaya.

1. Tiyo. A matsa kowane da hannu. Mai kyau yana da tauri daidai. Wanda ya yi laushi kamar ɓawon ayaba, ko ya kumbura, ko ya bushe yana tsagewa, ya gama aiki.

2. Bakin tiyo. Akwai zoben ƙarfe da ke ɗaure shi, makanikai na ce masa kwaliye. Yana sakin jiki ko ya yi tsatsa. Sau da yawa ɗan ƙara ɗauri ya wadatar. Waya da robar tayar keke ba su maye gurbinsa.

3. Radiyater. A duba kusurwoyi da inda tankin sama ya haɗu da jiki. Na motocin yanzu tankinsu na roba ne, yana tsagewa siriri kamar gashi in ya tsufa. Girgizar hanyar ƙasa tana ƙara buɗa shi.

4. Famfon ruwa. Ƙarƙashinsa akwai ɗan rami da aka yi da gangan. In robar cikin famfo ta ci, ta nan ruwa ke fitowa. Tabo ƙarƙashin ramin, ko ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, alama ce famfo na ban kwana.

5. Jikin inji. A gefensa akwai wasu marufai zagayayyu masu kama da kuɗin ƙarfe. Tsatsa na cin su daga ciki har su huje. Wasu suna ɓoye bayan inji, sai da madubi ake ganinsu.

6. Cikin mota. Motoci da yawa an ƙera su don ƙasashen sanyi. Suna da wani ƙaramin radiyater ɓoye gaban ƙafafun fasinja, mai ɗumama ciki. Mu nan ba mu cika amfani da shi ba, amma ruwa na bi ta cikinsa. In ya huje, shimfiɗar ƙasa na jiƙewa, gilashin gaba na yin hazo. A sa hannu ƙarƙashin shimfiɗar a ji. Makaniki yana iya kewaye shi da tiyo, mota ta ci gaba da aiki.

HANYA TA UKU: CIKIN INJI

In murfi na da kyau, kuma ba a samu sawu ko ɗaya waje ba, saura hanya mai tsada.

Inji kashi biyu ne: gangar jiki da kai. Kan shi ake kira kilas. Tsakaninsu akwai wani faifai siriri mai ramuka, sunansa juwan kilas. Shi ne katangar da ta raba maƙwabta uku: wuta, ruwa da man inji. In inji ya taɓa yin zafi ƙwarai, kilas na lanƙwashewa, faifan ya ƙone, katanga ta faɗi. Sai ruwa ya shiga ɗakin wuta ya fita tare da hayaƙi, ko ya gauraya da mai. Shi ya sa ba a ganinsa ƙasa.

Ga alamu biyar.

1. Farin hayaƙi mai kauri daga bututun hayaƙi, wanda ba ya tsayawa ko inji ya yi zafi. Ɗan tururin safiyar lokacin ɗari, mai ɓacewa bayan minti kaɗan, ba kome ba ne.

2. Man inji ya sake launi. A zaro sandar awon mai. In man ya koma kamar shayi da madara, ko ya ƙaru alhali ba wanda ya ƙara, ruwa ya shiga.

3. Kumfa. Da safe, inji na sanye, a buɗe murfi, a tada inji, a tsaya gefe a duba. In kumfa na ta tasowa ba tsayawa, hayaƙin inji ne ke shiga ruwa.

4. Tiyon sama ya yi tauri kamar ice minti kaɗan bayan an tada inji, tun ruwa bai yi zafi ba.

5. Inji na kakkarwa da safe kafin ya daidaita. In motar mai buji ce, aka kwance su, sai a iske ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi, sauran suna da baƙi. Tururi ne ya wanke shi. Ɗakinsa ne ruwa ke shiga.

Ba dole ne alamun su taru duka ba. Ɗaya ma ta isa a je gareji. In mai ya gauraya da ruwa, kada a sake tada inji. Man da ruwa ya shiga ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe. Gara a ja motar. Kuɗin ja bai kai kuɗin sabon inji ba.

A GABAN MAKANIKI

Kada a yarda a buɗe inji bisa zato. A garejin manyan garuruwa ana iya samun abin gwaji iri biyu. Na farko ɗan famfon hannu ne mai agogo. Ana ɗaura shi bakin radiyater, a hura iska, a jira. In allurar agogon na sauka, akwai rami, kuma sau da yawa ɗigon zai fito fili a gani. Da shi ake gwada murfi ma. Na biyu wani ruwa ne shuɗi cikin kwalba da ake ɗorawa bakin radiyater. In hayaƙin inji na shiga ruwa, launinsa na juyawa ya koma rawaya ko kore.

In ta tabbata juwan kilas ne, mai mota ya tambayi abu uku. An gwada kilas ya miƙe, ba lanƙwasa, ba tsaga? Faifan da za a sa sabo ne? Za a ɗaure kusoshi bi da bi da makulli mai awon ƙarfi? Sa'an nan a nemo abin da ya sa inji ya yi zafi tun farko. In ba a gyara shi ba, sabon faifan ma zai ƙone.

Akwai wata ƴar ƙofa cikin hanyar ruwa da ake kira tarmosta. Tana rufe in inji na sanye, ta buɗe in ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. Wasu na cire ta su yar, wai ba ta da amfani ƙasar zafi. Cire ta ba ya toshe rami. In ta lalace a sa sabuwa.

IRIN RUWAN DA ZA A ZUBA

Ku dubi cikin butar shayi da ta daɗe bisa wuta. Farin abin da ya daskare cikinta, shi ne ke daskarewa cikin radiyater in ana zuba ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri. Ruwan tabki kuma laka gare shi. Ruwa zalla yana kawo tsatsa, tsatsa kuwa ita ke huda marufan jikin inji da famfo.

Abin da ya fi shi ne ruwan radiyater mai launi da ake sayarwa gidan mai da shagon kayan mota. Yana hana tsatsa, kuma launinsa na nuna wurin yoyo. In babu shi, a sa ruwan sama mai tsabta da aka tace.

A yi hattara ƙwarai: ruwan nan mai launi guba ne, ga shi da ɗan zaƙi. Yana lalata ƙoda, yana kisa. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo. Kada a bar shi inda yara, awaki ko karnuka za su kai. Wanda ya sha, a kai shi gidan likita nan da nan, ko bai nuna alamar ciwo ba.

Wasu direbobi na zuba ƙwai, ko barkono, ko garin taba cikin radiyater don toshe rami. Yana iya kai mota gari mafi kusa. Amma abin da ya toshe rami shi ke toshe siraran hanyoyin radiyater. In an yi haka bisa tilas, da an isa a wanke, a yi gyara na gaskiya.

IN ALLURA TA HAU JA BISA HANYA

A tsaya nan take, a kashe inji. Kada a ce bari mu kai garin can. Minti kaɗan sun isa su ƙone kilas.

Kada a buɗe murfi. Ruwan ciki ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, kuma a matse yake. Zai yi tsalle ya sami fuska da ƙirji. Direbobi su gargaɗi yaran mota, don su aka fi aikawa. A jira aƙalla minti 30, har hannu ya iya riƙe tiyon sama. Sa'an nan a ɗora tsumma mai kauri, a juya murfi kaɗan, a bar iska ta fita, kafin a buɗe duka.

Kada a kwara ruwan sanyi bisa inji mai zafi, ko cikinsa. Ƙarfe na tsagewa, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga wuta aka tsoma cikin ruwa. In ya huce, a zuba sannu sannu.

In ruwan zafi ya ƙone wani, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta bisa wurin har minti 20. Kada a shafa mai, ko toka, ko tawada. A rufe da tsumma mai tsabta, a nufi gidan likita.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai doguwar hanya, kamar Tawa zuwa Agadas, ya duba motarsa tun jajibiri. Ya ɗauki jarkar ruwan mota dabam da ta ruwan sha, da kuruwa ɗaya, da kwaliye biyu.

MU TATTAUNA, MU YI LISSAFI

1. Waɗanne ne hanyoyi uku da ruwan mota ke bi ya fita? Da wacce ake fara bincike, kuma don mi?

2. Mi ya bambanta injin niƙa da injin mota wajen ruwa?

3. Wata mota na ɗaukar ruwa lita 6. Littafin direba ya nuna tana rasa lita 1 kowane kilomita 60. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kamar kilomita 240 ne. In ba a ƙara ba, lita nawa za ta rasa? Lita nawa zai rage? Ya kamata ta kama hanya da fasinja, ko ta fara zuwa gareji?

Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma direban garinsu da yaron motarsa. Sai wani jiƙon.